Yadda ake shiga faifan VM a gyara shi da guestfish ba tare da an kunna injin ba

Duk mai riƙe da sabar da ke ɗauke da injinan kwaikwayo, wato VM, ya san irin wannan ranar. Wani ya taɓa layi ɗaya a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a haɗa in injin zai tashi, ko an cire wani faifai an manta ba a goge sunansa ba, aka sake kunna injin, shikenan ya ƙi tashi. SSH, hanyar shiga injin daga nesa, ba ya amsawa, in ka leƙa ta konsol kuma sai kaga yana neman kalmar sirrin root wadda babu wanda ya taɓa sa masa, saboda da maɓallin SSH ake shiga tun farko. Gyaran bai wuce haruffa biyar ko shida ba, amma haruffan suna cikin injin da ba ya buɗuwa. To a nan ne guestfish, wani shiri da ke buɗe faifan VM ba tare da an kunna shi ba, yake da rana, kuma ina ganin duk wanda yake aiki da KVM, fasahar Linux ta gudanar da VM, ya kamata ace ya iya shi tun kafin ranar ta zo.

Bari mu fara da shi kansa faifan. Abin da VM yake ɗauka a matsayin faifansa, a wajenka kai mai masauki fayil ne kawai guda ɗaya yana zaune a folda, yawanci /var/lib/libvirt/images in da libvirt, manhajar kula da VM, kake aiki. In irin raw ne to bayit ɗin farko na fayil shine bayit ɗin farko na faifai, haka har ƙarshe, babu wani ɓoye-ɓoye. In qcow2 ne na QEMU, shirin da ke kwaikwayon injin, to labari ya canza, don shi yanka faifan yake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kilobayit 64 in ba a canza ba, yana ajiye waɗanda aka rubuta ne kawai, sannan yana da teburi a ciki da ke nuna masa gunduwa kaza tana wuri kaza, shi yasa zaka ga faifai mai gigabayit 100 amma fayil ɗinsa bai kai 5 ba. VMware nada nasu vmdk, VirtualBox nada vdi, Hyper-V na Microsoft nada vhd da vhdx. Wannan fa bene na farko ne kawai. A cikinsa akwai teburin fatishan, MBR ko GPT, a cikin fatishan wataƙila akwai kullen LUKS mai ɓoye bayanai, a cikin wannan akwai LVM mai haɗa fatishan rukuni ya sake raba su, sai can ƙasa ka iso tsarin fayil ɗin, ext4 ko XFS ko btrfs ko NTFS. Kafin ka taɓa fstab ɗin nan sai an buɗe duk waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar da aka saba da ita tun da can ita ce mutum ya zama root, in raw ne ya yi losetup ko ya lissafa inda fatishan ya fara, sekta 2048 sau 512 ya ba shi 1048576 ya miƙa wa mount, in qcow2 ne ya loda nbd a kanel, wato zuciyar tsarin aikin, ya haɗa da qemu-nbd zuwa /dev/nbd0. Tana aiki, ban ce ba ta aiki ba. Amma ni gaskiya ba na son ta, kuma ga dalilina. Duk lokacin da ka yi haka, kanel ɗin sabarka ne da kansa yake karanta tsarin fayil ɗin baƙo, wato VM ɗin, kanel ɗin da duk sauran VM ɗinka suke zaune a kansa. Direbobin tsarin fayil an rubuta su ne da zaton faifan da za a ba su na gida ne, in tsarin ya lalace ko wani ya shirya shi da gangan don ya yi ɓarna, abin da zai faɗi shine sabar gaba ɗaya da duk abin da ke kanta. Banda wannan ma akwai ƙaramar matsalar da ta fi yawan faruwa, LVM. Ubuntu yana sa wa rukuninsa suna ubuntu-vg, to in sabarka Ubuntu ce baƙon ma Ubuntu ne, da ka haɗa faifan sai kanel yaga rukuni biyu masu suna ɗaya, daga nan sai ka fara bin UUID, lambar shaidar kowanne, kana fargabar kada ka taɓa wanda ba shi ba. Kuma in ka gama sai ka tuna ka kwance komai a jere, ka cire maunt, ka kashe rukunin LVM, sannan ka cire nbd, ka tsallake ɗaya sai ka bar faifan a maƙale.

A 2009 ne Richard Jones na kamfanin Red Hat ya fara libguestfs, tarin kayan aikin buɗe faifan VM, kuma guestfish shine shel ɗinsa, wurin da kake buga umarni kana ganin amsa. Dabarar da aka yi a ciki mai sauƙin faɗa ce. Tunda Linux ya riga ya iya karanta duk waɗannan tsare-tsaren, QEMU kuma ya iya buɗe duk waɗannan imej ɗin, wato fayilolin faifan, to maimakon a sake rubuta komai daga farko, sai a tada wani ƙaramin Linux a cikin QEMU, a maƙala masa faifan, a aike shi ya yi aikin. Ɗan aike ne kawai. Wani shiri mai suna supermin ne yake haɗa shi daga kanel da manhajojin da suke kan kwamfutarka, ya ajiye shi a /var/tmp cikin wata ɓoyayyar folda mai fara wa da .guestfs, shi yasa karon farko yake ɗan jimawa sauran kuma su yi sauri. A cikinsa akwai wani ɗan shiri guestfsd da ke zaune yana jiran saƙo, ka buga cat kaza, guestfish ya tura masa, shi ya karanta ya dawo maka da amsa. In faifan mugu ne ya faɗar da kanel, to kanel ɗin ɗan aike ne ya faɗi, sabarka ko gezau. Kuma ba ka buƙatar zama root, in dai kana da izinin karanta fayil ɗin shikenan. In akwai /dev/kvm kuma kana da izininsa abin yana tashi cikin 'yan daƙiƙu, in babu QEMU zai kwaikwayi komai da manhaja, zai yi aiki amma da nawa sosai.

Abin da nake so ka riƙe a kai kafin mu buga komai shine wurare uku ne a wannan harka. Akwai kwamfutarka, akwai ɗan aiken, akwai faifan baƙo wanda yake kwance ba ya motsi. VM ɗinka bai tashi ba, kanel ɗinsa bai tashi ba, babu ko sabis ɗaya nasa da ke gudana. Kusan duk wani abin da yake ɗaure wa sabon shiga kai a guestfish daga rashin rarrabe waɗannan ukun yake zuwa.

To mu koma kan injin da ya ƙi tashi. Ka tabbatar a kashe yake, sannan ka fara da kallo kawai:

guestfish --ro -a sabar.qcow2

Zai ba ka wata alama mai kama da kifi, ><fs>, nan kake rubutu. Ka buga run, wannan shine yake tada ɗan aiken, kafin shi babu umarnin faifai da zai yi aiki. Sai ka buga list-filesystems, a injin Ubuntu mai LVM zaka ga abu kamar haka:

/dev/sda1: vfat
/dev/sda2: ext4
/dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv: ext4

Kada sunan sda ya ruɗe ka. Wataƙila a cikin VM ɗin vda ake kiransa, amma ɗan aike faifan farko da ka ba shi sda yake kira, na biyu sdb, haka dai, kuma ba sda ɗin kwamfutarka bane ko kaɗan. Ka lura kuma LVM ɗin ya buɗu da kansa, babu rikicin suna, don shi ɗan aike ba shi da wani ubuntu-vg nasa. Na farkon nan vfat na EFI ne, na biyu /boot ne, na ukun shine uwar. Sai:

mount /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv /
cat /etc/fstab

Ga fstab nan a gabanka. In kana zargin UUID ɗin da aka rubuta ne ba daidai ba sai ka buga vfs-uuid /dev/sda2 ka kwatanta da abin da ke cikin fayil ɗin harafi da harafi. In kuma layin wani faifai ne da aka riga aka cire, to ka gano ɓarawon, systemd yana jiransa ne daƙiƙa 90 sannan ya hakura ya faɗa yanayin gaggawa. Tun kana nan ma zaka iya leƙa /var/log da ll da less da grep kaga abin da ya faru kafin ya mutu.

Wannan --ro ɗin ya fi ƙarfin abin da mutane suke zato, bari in ɗan tsaya a kansa. A Linux ko ka ce a yi maunt na karatu kawai, in ext4 ɗin ba a kashe shi lafiya ba kanel zai iya maimaita jonal ɗinsa, wato ya rubuta a faifan duk da ka ce kada ya rubuta. Shi guestfish in ka ce --ro, wata shimfiɗa ta wucin gadi yake ɗorawa a saman imej ɗinka, duk rubutun da aka yi a kanta yake sauka, ka fita a jefar da ita. Asalin fayil ɗin ko bayit ɗaya ba ya canzawa. Wannan yasa zaka iya gwada gyaran naka a can tukuna, har fsck ma, mai duba tsarin fayil ya gyara, kaga me zai faru, ba ka yi asarar komai ba. Kuma in baka rubuta --ro ko --rw ba to a buɗe yake don rubutu, saboda haka ka saba wa hannunka da rubuta ɗaya daga ciki kullum.

Ka gano matsalar, ka fita, ka yi kwafin imej ɗin in akwai wuri, sannan ka dawo da niyyar rubutu:

guestfish --rw -a sabar.qcow2 -i

Wannan -i ɗin shine yake rage wahala, shi zai yi run da kansa, ya bincika ya gano wane tsarin aiki ne a ciki, ya karanta fstab ɗin baƙon ya yi maunt ɗin komai inda ya dace, har ya faɗa maka sunan tsarin. In wani layi ya ƙi sai ya yi gargaɗi ya wuce. In kuma faifan yana ɗauke da tsarin aiki biyu to zai ƙi, sai ka koma yi da hannu. Daga nan edit /etc/fstab. Abin da yake faruwa a nan shine ya sauko da fayil ɗin kwamfutarka, ya buɗe shi da editan da ka saba da shi, wanda EDITOR yake nunawa, in ka ajiye ya mayar da shi ciki. Ka sa # a gaban layin, ko ka ƙara masa nofail in faifan mai zuwa ne yana tafiya. Sai exit. Ka fita da exit ko quit ɗin nan fa, kada ka rufe taminal ko ka kashe shi da ƙarfi, don a wajen fitar ne yake cire maunt ya zubar da duk abin da ke ƙwaƙwalwar ɗan aike zuwa faifai. Ka kunna VM, ya tashi.

Yanzu maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wallahi ita ce take cinye wa mutane bayanai. Kada ka taɓa buɗe faifan VM da yake kunne da niyyar rubutu. Dalilin shine kanel ɗin baƙo yana riƙe da hoton tsarin fayil ɗin a RAM ɗinsa, ya san wane wuri ne babu kowa wane ne an cika, kuma ya yi imani shi kaɗai ne yake taɓa faifan. Kai kuma ka kawo kanel na biyu wanda shima haka ya yi imani. Ɗan aike ya rubuta fayil ɗinka a wani fili, baƙo bai sani ba ya zo ya zuba nasa a kai, kowa ya gyara teburin yadda ya ga dama, kuma abin takaicin ba nan take kake ganin ɓarnar ba, sai bayan kwanaki an sake kunnawa fsck ya fara kuka, lokacin bakof ɗinka ma ya kwashi lalataccen. In ka yi amfani da -d da sunan injin maimakon -a, guestfish zai tambayi libvirt, in yaga injin yana gudana zai ƙi buɗewa don rubutu, shi yasa na fi son -d a duk inda libvirt yake. QEMU ma tun fitowa ta 2.10 a 2017 yana sa kulle a imej ɗin da yake amfani da shi. Amma kada ka jingina da kullen nan, imej ɗin zai iya zama a ma'ajiyar da sabar biyu suke gani, ko injin yana gudana ƙarƙashin wani abu daban da bai san da wannan kulle ba. Ka duba da idonka, virsh list ba ya cin lokaci.

Kuma kashe yana nufin kashe. Injin da aka dakatar, ko aka yi masa managedsave aka ajiye RAM ɗinsa a fayil, ko Windows da ya yi barcin hibernate, duk waɗannan a ido kamar a kashe suke amma in suka farka da tsohon hoton faifan za su farka, su ci gaba kamar ba a taɓa komai ba. Karatu da --ro a kan injin da ke kunne ba ya lalata komai, wannan kam ana yi, sai dai amsar zata iya zuwa a karkace ko umarnin ya faɗi saboda ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa, ka sake gwadawa kawai.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren da ba a cika faɗa ba. qcow2 yana iya zama a kan wani imej na tushe, ya riƙa ajiye bambanci kawai, haka ake yin VM goma daga tushe ɗaya, haka kuma sinafshot na waje yake aiki. In ka je ka gyara tushen alhali akwai masu zaune a kansa, duk ka lalata su a lokaci ɗaya ko da duk a kashe suke, don kowannensu yana zaton gunduwar da bai rubuta ba tana nan yadda ya barta. Kafin --rw ka buga qemu-img info a kan fayil ɗin kaga ko yana da tushe, ka kuma tabbatar shi kansa ba tushen wani bane. Kullum na saman ake gyarawa.

Sai batun SELinux, tsarin tsaron da ke sa wa kowane fayil tambari, wanda yake kama masu Fedora da RHEL da danginsu. Ace kalmar sirrin root ce ta ɓata, ka samo sabon hash da openssl passwd -6, ka shiga ka sa shi a /etc/shadow, ko ka ƙirƙiri authorized_keys ka zuba maɓallinka, komai daidai a ido, ka kunna injin ya ƙi ka. Abin da ya faru shine ɗan aike ba ya gudanar da dokokin SELinux na baƙon, saboda haka sabon fayil da ka ƙirƙira ba shi da tambarin da ya kamata, sshd ya zo karantawa a hana shi. Maganin kafin ka fita ka buga touch /.autorelabel, in injin ya tashi zai bi fayiloli ya sake musu tambari ya sake kunna kansa. Haka ma mai fayil da izininsa, duk abin da ka ƙirƙira na root ne, sai ka bi shi da chown da chmod, kuma chown na nan lamba yake karɓa ba suna ba, ka duba lambar mutumin a /etc/passwd na baƙon, chmod kuma ka sa sifili a gaba kamar 0600. Ba ƙaramin abu bane wannan, a 2012 an taɓa samun ɓaraka inda edit yake mayar da fayil ba tare da tsohon izininsa ba, ka gyara fayil na sirri ya koma kowa na iya karantawa, an gyara tuni amma yana nuna maka inda ya kamata ido ya riƙa zuwa. Don canza kalmar sirri dai ni shawarata ka bar yi da hannu, virt-customize yana da --root-password da --ssh-inject kuma ya san da maganar tambarin.

Mu dawo kan wurare ukun nan, don akwai alamomi a cikin shel ɗin da suke tsallaka iyaka. Umarni irin su ls da cat da rm da mkdir duk a faifan baƙo suke aiki. Amma duk layin da ka fara da alamar ! a kwamfutarka yake gudana, da izininka, a kan fayilolinka, to ka yi tunanin bambancin rm da ! rm kafin ka danna. Haka in ka sa bututu, cat /etc/passwd | grep bash, hagun na baƙo ne, daman na kwamfutarka ne, wanda abu ne mai daɗi don duk kayan aikinka suna hannu. download da upload da copy-in da copy-out da tar-out su ne masu ɗaukar kaya tsakanin ɓangarorin biyu. Alamar tauraro ba ta buɗuwa da kanta, sai ka sa glob a gaba, glob rm /var/log/*.gz. Sannan akwai sh da command, su kuma shirin da ke cikin faifan baƙo suke ɗauka su gudanar a kan kanel ɗin ɗan aike. Yana da amfani, amma ka tuna babu systemd a tashe, babu intanet sai ka ce --network, kuma in faifan na ARM ne kai kana kan x86 ba zai gudana ba duk da cewa karanta fayilolinsa da gyara su ba matsala. Faifan da baka yarda da shi ba kuwa kada ka gudanar da komai daga cikinsa, karanta shi kawai.

Tunda an zo maganar rashin yarda, ka saba da rubuta --format. In baka faɗa ba, to za a duba kan fayil ɗin ne a yi hasashen irinsa. To faifan raw duk bayit ɗinsa a hannun baƙo suke har da na farko, mugun baƙo zai iya rubuta kan qcow2 na ƙarya a farkon faifansa, ya ce tushensa wani fayil ne na kwamfutar mai masauki, kai kuma ka zo ka buɗe, QEMU ya gaskata ya buɗo masa fayil ɗinka. An rubuta wannan a matsayin ɓaraka tun 2010, lambarta CVE-2010-3851. In ka san raw ne ka ce --format=raw kafin -a, magana ta ƙare.

Windows ma yana buɗuwa, ta hanyar ntfs-3g. Zaka iya rubuta hanya irin tasu in ka sa win: a gaba cikin alamar zance guda, shi zai nemo daidai babba da ƙaramin harafi. Rajista kuma akwai hivex da virt-win-reg, da su ake kashe direban da ya hana injin tashi. Abin da yake yawan tare mutane shine tun Windows 8 kashewar da aka saba ba cikakkiya bace, saurin tashi da suka ƙara rabin barci ne, sai NTFS ɗin ya ƙi buɗuwa don rubutu, kuma gaskiyarsa ne da ya ƙi. A RHEL sai ka ƙara kunshin libguestfs-winsupport kafin NTFS ya yi aiki.

Inda abin yake ƙara armashi shine sikirif. Duk abin da ka buga da hannu zaka iya jera shi a fayil ka miƙa da -f, ko ka jera a layi ɗaya kana rabawa da alamar : mai fili gaba da baya:

guestfish --ro -a sabar.qcow2 -i cat /etc/hostname : cat /etc/os-release

A sikirif umarni ɗaya ya faɗi komai ya tsaya, wanda shine daidai, in kana so a yi watsi da faɗuwar wani sai ka sa masa - a gaba. Tada ɗan aiken ne yake cin lokaci, saboda haka kada ka kira guestfish sau ɗari a cikin madauki, ka tada shi sau ɗaya da --listen ka riƙa aika masa da --remote. Don koyo kuma ba sai ka taɓa faifan gaske ba, guestfish -N fs zai ƙirƙira maka sabon faifai da fatishan da tsarin fayil, ka yi ta ɓarna a kai har hannunka ya faɗa. help da sunan umarni yana ba ka bayaninsa, maɓallin Tab ma yana cika maka har sunayen fayilolin cikin baƙo.

Yawancin ayyukan yau da kullum ma an riga an yi musu kayan aiki a kan wannan ɗan aiken, virt-cat da virt-edit da virt-ls da virt-df na leƙe da ƙaramin gyara, guestmount in kana so faifan ya bayyana a folda ta FUSE, virt-sparsify na rage ƙibar imej, virt-rescue in kana so a jefa ka cikin ɗan aiken kansa ka buga umarnin Linux kai tsaye. virt-resize yana faɗaɗa fatishan amma sabon faifai yake zubawa, sai ka ƙirƙira masa shi tukuna. Wanda zan ja hankali a kai shine virt-sysprep, duk mai kwafin VM don ya haifi wasu ya kamata ya bi ta kansa, shi yake share maɓallan SSH na injin da machine-id da tarihin umarni da log, in ba haka ba sai ka wayi gari da injina goma masu shaida ɗaya suna rigimar adireshi a DHCP. A kan kwafin ake gudanar da shi, don a wurin yake gogewa.

In run ya ƙi tashi, abu na farko libguestfs-test-tool, zai zubo maka duk abin da ya faru tun daga haɗa ɗan aike har inda ya tsaya. A Ubuntu, inda kunshin yake da suna libguestfs-tools, sanannen dalili shine fayil ɗin kanel da ke /boot root kaɗai ke iya karanta shi, supermin kuma yana buƙatar kwafinsa, sai ka ba vmlinuz ɗin izinin 0644, kuma duk sabon kanel da ya sauka sai an sake. A Fedora da RHEL ta libvirt ake tada ɗan aiken, in ka gudanar a matsayin root to QEMU ɗin da sunan wani mai amfani qemu yake gudana, sai ya kasa karanta imej ɗin da ka ajiye a /root, ko ka matsar da fayil ɗin ko ka sa LIBGUESTFS_BACKEND=direct, sai dai da wannan ka rasa ƙarin katangar da libvirt yake sawa. In list-filesystems ya nuna XFS amma maunt ya ƙi, duba ko kunshin libguestfs-xfs yana nan. In yana nan kuma har yanzu ya ƙi, to ka tuna kanel ɗin ɗan aike kanel ɗin kwamfutarka ne, tsohuwar sabar ba zata gane sababbin siffofin XFS ko ext4 da sabon baƙo ya zo da su ba, sai ka kwashi imej ɗin zuwa kwamfuta mai sabon kanel ka buɗe shi a can, ko ka bar shi inda yake ka miƙa wa -a adireshin ssh:// ko nbd:// daga sabuwar.